Sola a gidana: lissafin takarda da abin da kwano ya bayar

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Zan riƙa rubuta komai a nan saboda na san halina, nan da wata uku in aka tambaye ni nawa na kashe sai in hau kame-kame. Gidana a Na'ibawa yake cikin Kano, ɗaki uku da falo, ni da uwargida da yara huɗu sai ƙanena da yake karatu a BUK yana kwana wajenmu. Tun Oktoban bara nake da niyyar sa sola, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna aka bar Arewa a duhu sama da sati, naman da ke cikin firiza sai rabar da shi muka yi wa maƙwabta kafin ya yi wari.

Yau na zauna da rasit-rasit ɗin katin wuta na wata shida. Layinmu Band A ne, wato rukunin da aka ce ana ba wuta awa 20 a rana, tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai yunit naira 225 muke shan ta, daga baya an ɗan rage ya dawo 209.5 amma in ka ɗora harajin VAT na 7.5 cikin ɗari ai 225 ɗin ka koma, shi ya sa katin dubu 10 yunit 44 da ɗoriya yake ba ni. A wata ina sa katin dubu 45, yunit 200 kenan. Sai janareta. Kamar kwana 20 a wata muna tada shi, awa uku da daddare, lita uku, lita 60 kenan a wata, ina sayen lita wajen 950, dubu 57. Baƙin mai da filogi da ɗan sabis in sa dubu 6. Jimilla dubu 108 duk wata a kan haske da fanka, wallahi sai da na ajiye biron na yi shiru. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi farashin gwamnati ko 200 bai kai ba, ko lissafin man inji ba na yi a lokacin.

Na kuma gwada wani abu da ban taɓa yi ba, nawa yunit ɗaya yake tsaya min a janareta. Kayan da muke kunnawa a kansa ba su wuce wat 1,150 ba, sau awa uku sau kwana 20, yunit 70 kusan. Raba dubu 63 gida 70, naira 900 duk yunit. Ninki huɗun kuɗin kati.

Asabar, 18 ga Janairu

Sabon Gari tun goman safe, shaguna biyar na shiga a France Road. A wani shago yaron ya ce min "Alhaji fanel ɗin nan wat 550 ne, rana tana fitowa awa goma, kowane ɗaya zai ba ka yunit biyar da rabi, shida ka ga 33 kenan har esi biyu ka kunna." Na ce masa ɗan samari rana da ƙarfe bakwai na safe da rana da azahar ɗaya ce? Sai ya yi dariya ya ce bari oga ya zo.

Yadda injiniyan da zai haɗa min ya koya min lissafin, kuma na je na duba na ga haka ne: wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel a ɗakin gwaji aka auna shi, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita kuma fanel ɗin yana da sanyin digiri 25. In ka tattara hasken yini guda na Kano ka dunƙule shi ya zama irin wancan mai ƙarfin, awa biyar da rabi zuwa shida ne. Na ɗauki biyar da rabi. Sai ka cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na zafi da ƙura da waya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar fanel da batiri ta koma irin ta gida. Fanel shida wat 3,300, sau 5.5, sau 0.75, yunit 13.6 a rana, 408 a wata. A farashin kati dubu 92 kenan.

Abin da na biya: fanel shida a kan dubu 140, dubu 840. Inbata 5kVA mai caja a ciki dubu 650. Batirin litiyam bolt 48, yunit 5.12, miliyan ɗaya da rabi, a nan ne na ji jiki. Na so in ɗauki masu ruwa guda huɗu saboda sauƙi amma rabin abin da ke cikinsu kawai ake ja in ana so su yi ƙarko ga zuba ruwa ga zafin Kano, na haƙura. Waya, bireka, ƙarfe, walda da kuɗin aiki an yi min ƙiyasin dubu 360. Miliyan 3 da dubu 350. Kuɗin filin da na sayar a hanyar Zariya ne, uwargida har yanzu ba ta gama huce wannan ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

An ɗora. Ƙarfe daga Ƙofar Ruwa, mai walda ya yi firam jiya. An fuskantar da su kudu da ɗan karkace kamar digiri 12, injiniya ya ce daidai da inda Kano take a saman tsakiyar duniya kenan. Shidan a jere aka haɗa su layi ɗaya. Da magariba aka ɗauke wuta ko ƙiftawa ƙwan fitilar falo bai yi ba, autarmu ta fita tsakar gida tana ihu wai mu kaɗai ke da wuta a layin.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sati ɗaya. Manhajar inbata ta nuna yunit ɗin kowace rana: 6.8, 7.4, 6.1, 7.0, 7.7, 6.5. Ina 13.6 ɗina? Abin da ya fi ɗaure min kai ma mita, na sa katin dubu 10 ranar Litinin yau saura yunit 9. Wato da sola da babu duk ɗaya. Na kira injiniya ya ce yana Wudil sai sati mai zuwa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gano ɓarawon, a cikin gida yake. Injiniya ya zo bayan la'asar ya danna maɓallan inbata ya ce "Yallaɓai laifina ne, ban canza saitin ba." Ashe yadda ta zo daga kamfani, duk sanda akwai wutar nepa ita take fara ɗauka ta ba gida, kuma da ita take cajin batiri. To mu da dare ake yawan kawo mana wuta, sai batirin ya cika taf da kuɗina kafin asuba, gari ya waye rana ta fito ta tarar babu inda za ta zuba komai sai ɗan firji da fanka. Fanel kuwa ba famfo ba ne da zai yi ta zuba a ƙasa, in babu mai ja sai inbata ta rage abin da take karɓa, shi ya sa lambar take ƙasa. Ni ina ta zargin fanel jabu aka sayar min har na shirya abin da zan faɗa a shagon, Allah ya rufa asiri ban je ba.

Ya mayar da ita kan saitin da suke ce wa SBU, rana farko, sai batiri, nepa ta ƙarshe, caji kuma rana kaɗai. Ya sa in batiri ya sauka zuwa kashi 20 ta koma nepa da kanta. Ya kuma nuna min wani abu da ba na cikin lissafina sam, ita kanta inbatar tana cin kamar wat 50 ko ba ka kunna komai ba, dare da rana, yunit 1.2 kenan kullum, 36 a wata, kusan dubu 8 a farashin kati. Babu wanda ya faɗa min wannan a kasuwa.

Na ba shi dubu 5 na mai, ya ƙi karɓa sai da na matsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Satin nan tsakanin 8.5 da 9.3. Hazo ya sauko sosai Laraba da Alhamis, rana kamar farin wata kana kallonta ido ba ya ciwo. Yau da sassafe na sa ƙanena ya hau da bokiti da tsumma mai laushi, ya leƙo ya ce "Yaya ai har sunana na rubuta a kai da yatsa." Sati uku kacal. Ga kashin tattabarun maƙwabcina a kan biyu daga ciki. Jiya da sha biyu da rabi na ga wat 1,900, yau a daidai lokacin da kaya iri ɗaya a kunne 2,350. Ba zan rantse duka wankin ne ba don yau garin ya ɗan fi washewa, amma dai an ga bambanci. Mun yi da shi duk Asabar, da safe kafin gilashin ya ɗau zafi, ba omo ba soson ƙarfe. Ladansa kuɗin data.

Asabar, 22 ga Fabrairu

9.4 a matsakaici. An wanke. Janareta bai tashi ba tun da aka ɗora, na tada shi minti goma don kar kafireto ya toshe.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kwana takwas. Wannan satin ne na fahimci abin da ya kamata in fahimta tun kafin in sayi ko noti ɗaya. Na ɗauki hutun kwana biyu ina gida ina kallon manhaja kamar mai gadin tukunya. Daga tara na safe wat yana hawa, sha ɗaya ya wuce 2,000, sha biyu da rabi batiri ya cika, sai kawai lambar ta faɗo 400, iya abin da gida ke ci. Daga nan har la'asar rana tana dukan kwano a banza. Mitata ba ta juyawa baya, babu mai sayen rarar, yunit ɗin da ban ja ba bai taɓa zama yunit ba balle ya zama kuɗi. Wato 13.6 ɗin ba ƙarya ba ne, abin da kwanon zai iya ne in akwai mai ci, ni kuma na ɗauke shi na ninka da 225 kamar an riga an sa min a aljihu.

Sai muka juya tsarin gidan. Guga da uwargida take yi da dare in an kawo wuta ta dawo sha ɗaya na rana, dutsen gugar wat 1,200 yake ci. Sumo na rijiya a tada shi ƙarfe ɗaya a cika tanki. Injin markaɗe da na wanki duk tsakanin azahar da la'asar. Da farko ta ce ita ba za ta yi guga cikin rana da azumi a bakinta ba don wani lissafina, sai da maganar firiza ta shigo. Akwai tsohuwar firizarta ta kayan ɗaki da muka kashe tun da aka ƙara kuɗin wuta, aka share ta aka kunna, daga goman safe zuwa biyar na yamma take aiki sai a kashe. Ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, kafin a sha ruwa yara sun yi layi a ƙofar gida. Jiya 12.1, mafi yawa tun da aka fara.

Matsala ɗaya da ƙarin lodin ya tono: wajen ƙarfe uku wat yana faɗuwa farat ɗaya daga 1,700 zuwa 1,100 alhali ba gajimare. Na hau tsani da kaina da azumi, ashe inuwar tankin ruwa ce take hawa gefen fanel biyun da ke yamma. Da yake a jere suke layi ɗaya, in ɗaya ya shaƙe sai ya ja sauran. Da can ban gani ba saboda a lokacin batiri ya riga ya cika ba a jan komai.

Lahadi, 16 ga Maris

An matsar da fanel biyun gabas, mai walda da ƙarin waya dubu 25. Faɗuwar ƙarfe uku ta tafi.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi sallah Lahadi lafiya, Allah ya maimaita mana. Lissafin Maris: manhaja ta ce fanel sun bayar da yunit 342, wato 11 a rana. Kati dubu 12 na sa, yunit 53. Fetur lita biyar, shi ma rabinsa na ɗumama inji ne. Ragin kati dubu 33, ragin mai da sabis kamar dubu 58, jimilla dubu 91.

Na yi dariya ni kaɗai don takardata ta Janairu dubu 92 ta ce, wanda bai sani ba sai ya ce na iya lissafi. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Takarda ta ce yunit 408 a kan 225, a zahiri 342 aka samu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin daga man janareta ya fito ba daga mita ba. In ka cire abin da inbata ke ci da wanda ke ɓacewa wajen shiga da fita batiri, kamar 285 ne ya isa soket. Haɗa da 53 na kati ka ga gidan yanzu yana cin wajen 340, da can 270 ne. Yunit 70 ɗin da suka ƙaru ba ragi ba ne, jin daɗi ne da ƙanƙara, fanka ma yanzu ba mai kashewa in ya fita daga ɗaki tunda wai kyauta ce.

Na ce wa uwargida ta faɗa min cinikin ƙanƙara in sa a lissafi, ta ce "Maigida firizar tawa ce, ledar tawa ce, rana kuma ta Allah ce." Na rufe littafi. Miliyan 3 da dubu 375 raba 91, wata 37, shekara uku da wata ɗaya in komai ya tsaya yadda yake, kuma a ƙasar nan me ke tsayawa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, 40 da wani abu kullum. Na zaci yanzu ne za a ga 3,000, sai ga shi da tsakar rana 2,300 zuwa 2,400 yake tsayawa alhali gilashi a wanke. Takardar fanel ɗin ta ce duk digiri ɗaya sama da 25 yana rasa kamar 0.35 cikin ɗari, kuma shi fanel a saman kwano ya fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba, in ya kai 65 ka ga kashi 14 sun tafi. Haske yake so, zafi cutarsa yake. Gara ma da mai walda ya bar tazara tsakaninsa da kwano iska tana ratsawa.

Ranar Talata kuma da azahar komai ya koma sifili, inbata tana ƙara. Ƙanena ya hau ya ce yana jin ƙaurin roba. Mahaɗin waya ɗaya, wanda suke kira MC4, ya narke, a daidai inda aka yi ƙari lokacin matsar da fanel biyun nan. Yaron injiniya ne ya yi wannan aikin, ya sa guntuwar waya siririya kuma da filaya ya matse bakin maimakon abin matsewarsa, amfiya 13 tana bi ta wurin kullum cikin wannan rana. Allah ya kiyaye, ƙarƙashin kwanon silin ne da katako. Na hana kowa taɓawa don layin yana ɗauke da bolt wajen 250 muddin akwai rana ko an kashe inbata. Injiniya ya zo washegari bayan magariba da toci ya canza wayar da mai kauri 6mm ya duba sauran mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa yaron faɗa a gabana har na ji tausayinsa. Kaya dubu 14, bai karɓi kuɗin aiki ba. Yini ɗaya da rabi a kan kati.

Asabar, 10 ga Mayu

Afrilu 318, kati dubu 17 saboda fankoki suna kwana a kunne batiri yana sauka tun biyun dare. Rana yanzu ta koma ta arewa da mu da tsakar yini, haka za ta zauna har wajen ƙarshen Agusta, na tambaya ko a juya fanel aka ce da wannan ɗan karkacen ba sai an taɓa ba.

Maƙwabcina mai tattabaru ya tare ni bayan isha'i wai in yi masa lissafi shi ma. Na tambaye shi kati nawa, mai nawa. Ba shi da janareta, gidansa yini yake a kulle shi da matarsa duk suna aiki, kati dubu 20 a wata. Na ce masa Malam ko duka dubu 20 ɗin ka daina biya, irin nawa sai ya yi shekara 14 kafin ya dawo da kuɗinsa, ka sayi fanel biyu da ƙaramin batiri na fanka da ƙwan fitila da cajin waya ka huta. Ya ɗan ji haushi, ina ga ya ɗauka raini ne.

Asabar, 31 ga Mayu

Hadarin daren Laraba ya zo da iska mai ƙarfi, muna kwance muka ji ƙarfe yana dukan kwano. Da safe noti biyu sun kwance a firam ɗin gabas fanel ɗaya ya ɗaga gefe, bai fashe ba. An ɗaure duka an ƙara zoben ƙarfe a ƙarƙashin kowane noti, an toshe ramin ƙusa biyu da suka fara yoyo a ɗakin yara, dubu 9. Ruwan ya wanke gilashi tas, ƙanena ya ce to kuɗin datarsa fa. Ranar Alhamis gari a lumshe, 5.2 kawai.

Asabar, 14 ga Yuni

Mayu 331, kati dubu 15, fetur babu. Man ma ya ɗan sauko daga yadda na saya a Janairu, wato ragin nawa ya ragu kenan a takarda, na mayar da ƙiyasin dubu 85 a wata. Jimillar abin da ya fita zuwa yau har da na man injiniya miliyan 3 da dubu 403, wata 40.

Satin babbar sallah firiza biyun sun riƙe nama ba fargaba, har na 'yar uwata daga Gwammaja aka kawo ajiya.

Injiniya yana ta zuga ni in ƙara batiri na biyu tunda har yanzu akwai rarar rana bayan azahar. Na auna, miliyan ɗaya da rabi don in daina sa katin dubu 12 zuwa 15, shekara takwas zuwa goma kenan, ban ga ta kai ba sai dai don barcin daren da babu nepa. Abin da zan fara yi shi ne fankokin sama guda uku, kowacce tana cin wat 70 zuwa 75, akwai sababbi masu cin wajen 30, in na canza su dare ɗaya na awa goma zan rage sama da yunit ɗaya, batirin zai ƙara kusan awa uku. Zan sayi ɗaya ƙarshen wata in gwada a ɗakinmu tukuna. Zan kuma sa ƙaramar mita a soket ɗin firizar ƙanƙara in ga ainihin abin da take ci, ban faɗa wa mai ita ba. Agusta nake jira in ga abin da kwanon zai yi cikin marka.